YINI GUDA A BAKIN TAFKIN JABI: SHAN ISKA BA TARE DA CUNKOSO BA



An umurce ni in yi muku bayani a kan wani al'amari da mai saurare zai iya ɗauka ƙarami ne, watau yadda magidanci zai ɗebi iyalinsa su tafi bakin ruwa su yini suna shan iska, sa'an nan su komo gida ba su kwaso wata cuta ba, ba su kuma kai wa wani tasu ba. Na ɗauki Tafkin Jabi na Abuja ya zama misali, domin shi na fi sani, kuma da yawa daga cikinku sun taɓa ganinsa ko da ta tagar mota ne. Wanda garinsu ke da wani tafki ko madatsar ruwa, sai ya ɗauki abin da ya dace da wurinsu.

Shi wannan tafki mutane ne suka yi shi. Bayan da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta zartar cikin 1976 cewa za a gina sabon Babban Birnin Tarayya, sai aka datse ruwa a Jabi a farkon shekarun 1980 don mazaunan farko su sami abin sha. Da aka gama babbar madatsar ruwa ta Usuma a wajen Bwari, sai hidimar shayar da birni ta koma can, aka bar Jabi ya zama wurin hutawa. Gwamnati ta tare a Abuja ran 12 ga Disamba 1991, gari ya yi ta bunƙasa har ya kewaye tafkin: ga unguwar Jabi, ga Kado, ga Utako nan kusa. A gefe guda akwai filin shaƙatawa mai itatuwa da ciyawa inda masu motsa jiki kan hallara da sassafe, akwai masu dawaki da masu kwale-kwale na haya, akwai masunta. A wani gefen kuma ga katafaren gidan kantuna da aka buɗe cikin 2015. Ku riƙe wannan gidan kantuna a zuciya, zan komo kansa.

Ba sai na tuna muku shekarar 2020 ba. Ran 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Nijeriya, a Legas. Ran 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce annoba ce ta game duniya. Daren 30 ga Maris dokar kulle ta fara aiki a Abuja da Legas, ba a kuwa sassauta ta ba sai 4 ga Mayu. Mako biyar ke nan. Mai gida mai fili bai san zafin waɗannan makonni ba kamar wanda ke ɗaki ɗaya da mata da 'ya'ya a Nyanya ko Kubwa, a tsakiyar bazara, yara ba makaranta, babba ba wurin aiki. Mun ga abin da zaman ɗaki ke yi wa ɗan Adam: ƙafa ta yi nauyi, barci ya ɓaci, rai ya ƙuntata, abin da bai kai a yi faɗa a kansa ba a yi.

Allurar rigakafin cutar ta iso ƙasar nan ran 2 ga Maris 2021, kuma ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa korona ta fita daga matsayin larurar gaggawa ta duniya. Saboda haka ban zo in ce muku akwai wata doka da ta hana ku taruwa ba, babu ita. To, me ya sa ake ta da tsohon zance? Domin ƙwayar korona ba ta bar duniya ba, kuma ba ita kaɗai ke bin numfashi ba. Mura na nan kowace shekara, sanƙarau ya kan zo da rani, tarin fuka bai gushe ba, mashaƙo kuwa ta ɓarke daga ƙarshen 2022, ta fi tsananta a Jihar Kano. Har ila yau kusan kowane gida yana da wanda ƙaramar cuta ke iya kayarwa: tsoho ko tsohuwa, mai ciwon sukari, mai hawan jini, mai juna biyu, jariri, mai amosanin jini. Waɗannan su ne aka saba bari a gida ranar fita, alhali kuwa su suka fi kowa bukatar iska. Bayanin nan dominsu ne.

Bari in ɗan ratse. Sa'ad da annobar ta zo, mu masu aikin fassara mun sha fama da sunan da Turawa suka ba wannan mataki. In ka juya shi kai tsaye sai ya fito "nisantar jama'a", wanda a kunnen Bahaushe daidai yake da yanke zumunci. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta lura da wannan aibi cikin Maris 2020, ta ce a riƙa ambaton nisan jiki. Daga baya aka tsaya a kan "ba da tazara", ni kuwa ina ganin an dace. Tazara tsakanin jiki da jiki ake nufi, gaisuwa da hira da raha suna nan yadda aka san su.

Yanzu ga yadda abin yake. Duk sa'ad da mutum ya yi numfashi, ko magana, ko tari, ko waƙa, ɗigon danshi na fita daga bakinsa da hancinsa. Manyan ɗigo suna da nauyi, su kan faɗi ƙasa kusa da shi, cikin taku biyu ko uku. Wannan shi ne asalin ƙa'idar tazara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mita ɗaya, hukumomin lafiya na ƙasarmu kuwa suka ce mita biyu, watau kimanin ƙafa shida. In ba ka da magwaji, miƙa hannunka ɗan'uwanka ya miƙa nasa, in yatsu ba su taɓa juna ba to kun yi kusa da cika ƙa'ida. Amma akwai wasu ƙananan ɗigo da ido ba ya gani, ba su faɗuwa da wuri, yawo su kan yi ta yi cikin iska. Duk macen da ta taɓa sa turaren wuta ta san halinsu. In ta rufe ƙofa da taga, hayaƙi ya kan cika ɗaki har lungun da ya fi nisa da kasko, ya kama labule, ya daɗe. In ta fito da kaskon tsakar gida, wanda ke gindinsa kaɗai zai ji ƙamshi sosai, saura iska ta kwashe. Hasken rana kuma yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Shi ya sa likitoci suka haɗu a kan cewa kamuwa a fili ta fi kamuwa a ɗaki wuya nesa ba kusa ba.

Sai dai kada a ɗauka fili laya ce. Wanda ya gifta ka a kan hanya bai kai wanda ya zauna fuska da fuska da kai minti 15 yana ba ka labari ba, ko da kuwa a gindin itace kuke. Akwai kuma cutar da tazara ba ta isa ta tsare yaro daga gare ta ba, kamar ƙyanda, wadda ƙwayarta kan zauna cikin iskar ɗaki har sa'a biyu bayan mai ita ya fita. Maganin wannan allura ce, mashaƙo ma haka. Duk abin da zan faɗa ƙari ne a kan rigakafi, ba ya maye gurbinsa.

Ga wani misali daga nesa. Birnin Shikago na Amurka yana bakin wani babban tafki mai suna Mishigan, an kuma yi hanyar ƙafa da keke mai tsawon mil 18 tana bin gaɓarsa. Cikin Maris 2020 aka sami ranar da sanyi ya yi sauƙi, sai mutanen da suka gaji da zaman gida suka fito gaba ɗaya. Kowa ya fito neman fili, fili ya zama kasuwa. Ran 26 ga Maris magajiyar garin, Lori Lightfoot, ta rufe bakin tafkin ɗungum. Ba a sake buɗe hanyar ba sai 22 ga Yuni, shi ma da sharaɗin mutum ya yi ta tafiyarsa, kada a tsaya a yi dandazo. A wasu filayen shaƙatawa na Amurka kuma an zana manyan da'irori da farin fenti a kan ciyawa, kowane gida su zauna cikin tasu. Mu ba mu bukatar fenti, muna da tabarma.

A ganina, jama'a, bakin ruwan kansa shi ne wuri mafi aminci a duk tafiyar. Inda ake kwasar cuta shi ne ƙananan matsatsin da mutum kan ratsa bai lura ba: cikin mota, bakin ƙofar shiga, gaban mai tsire, bayan gida, da rumfar da kowa kan ruga in hadari ya taso. To, bari mu bi yinin daga farkonsa.

Shirin yana somawa ne tun daren jajibere. Maigida ko uwargida su duba yaran. In an sami mai zazzaɓi, ko tari, ko ciwon maƙogwaro, a ɗaga tafiyar. Na san wannan shi ne mafi wuya, domin yaron da aka yi wa alkawarin ganin kwale-kwale zai yi kuka, amma tafki ba ya tashi, yana nan wani makon. A haɗa tabarmi, da buta, da sabulu, da gorar ruwa ta kowa da kowa, da man goge hannu wanda sinadarinsa ya kai kashi 60 cikin 100, da takunkumin fuska don wuraren da za a matsu, da abin zuba shara.

Mota ita ce ɗakin da ya fi kowane ɗaki ƙunci. In taku ce, a sauke gilasai, musamman na gaba a ɓangare ɗaya da na baya a ɗaya ɓangaren, don iska ta ratsa ta fita. Na'urar sanyaya mota in an sa ta tana juya iskar ciki, numfashin mutum shida take rarraba wa mutum shida. In motar haya ce daga Zuba, ko Suleja, ko Mararraba, a zaunar da dattijo ko dattijuwa a bakin taga, su sa takunkumi har a sauka. Wanda ke da hali ya biya kuɗin kujera ɗaya a bar ta wofi, ko ya ɗauki shatar motar. Kuɗin bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba.

Sai zaɓen lokaci, wanda ya fi duk sauran dabaru amfani kuma ba a biyan ko kwabo a kansa. Safiyar Asabar ta masu motsa jiki ce. Yammacin Lahadi, da ranakun Salla, da na Kirsimeti, na kowa da kowa ne, ba masaka tsinke. Wanda zai fita da tsohuwa ko mai jego ya nemi ranar aiki in yana hutu, ko kuwa ya bari sai hantsi ya yi masu gudu sun watse. Da bazara a nemi inuwa a kuma yawaita shan ruwa. Da hunturu kuwa, ranar da hazo ya sauka sosai ba ranar fitar mai ciwon asma ba ce. Ku yi shawara tun daga gida cewa in kun tarar wuri ya cika za ku juya. Wanda bai yanke wannan shawara a gida ba, ba zai iya yanke ta a bakin ƙofa yara na jan rigarsa ba.

In kun shiga, ku lura da wata ɗabi'a tamu: mu kan shimfiɗa tabarma kusa da inda muka ajiye mota, kusa da masu talla, kusa da inda kiɗa ke tashi. Wanda ya daure ya ƙara tafiyar minti biyar sau da yawa zai sami inuwa shi kaɗai. A bar taku uku ko huɗu tsakanin tabarmarku da ta maƙwabta. In kun yi alkawari da iyalin aboki, kowane gida ya shimfiɗa tasa, a yi hira ta tsallaken tazara, ai murya tana kaiwa. A gaisa da hannu a ƙirji, a rusuna wa manya kamar yadda aka saba. A zaunar da tsofaffi ta wajen da iska ke tasowa, don ta same su kafin ta bi ta kan taro.

Abin yi kuwa yana da yawa. Na farkonsu tafiya a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, yaro kuwa minti 60 kowace rana. Tafiya kafaɗa da kafaɗa ta fi zama fuska da fuska aminci, domin kowa gabansa yake numfasawa. Mai gudu numfashinsa na fita da ƙarfi, in ya taho a ba shi hanya. Hawan keke ma haka yake, shi da kansa ke raba mutane. Mai haƙuri ya zo da fatsa, bayan ya tambayi masu kula da wurin ko an yarda. Ban taɓa ganin masu fatsa sun yi cunkoso ba, don kowa na gudun kada igiyarsa ta sarƙe da ta wani. A nuna wa yara balbela da zalɓe a bakin gaɓa, a nuna musu yadda masunci ke jefa birgi. Yaron da ya tashi a gidan bene watakila bai taɓa ganin an kama kifi ba.

Wajen wasa, a bar kokawa da langa sai wani jiƙon in ana cikin lokacin cuta, ko in za a cuɗanya da yaran da ba a sani ba. Tsere, da tsallen igiya, da buga ƙwallo daga nesa zuwa nesa sun wadatar. In yaro zai hau doki, mai dokin zai riƙe linzami kusa da shi, amma abu ne na minti kaɗan kuma a sarari. A wanke masa hannu in ya sauka. Kwale-kwale kuwa, in da hali ku shiga ku kaɗai da iyalinku. In matuƙi ya ce sai ya cika, ku jira wani. A nan dalili biyu ne suka haɗu, domin jirgin da aka cika ya wuce kima shi ne ke kifewa. Kada kowa ya shiga sai da rigar hana nutsewa, a kuma ɗaure ta sosai, ba a rataya ta kamar gyale ba. Mai jirgin da ba shi da ita daidai jikin yaro, kada a ba shi yaro.

Tun da mun zo kan ruwa, zan faɗi abin da ya fi korona saurin kisa a bakin tafki. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa, shiru ya kan yi, cikin ɗan lokaci ƙalilan an rasa shi. Neman wurin da ba jama'a yana da wannan illa: ba idon da zai gani sai naku. Saboda haka a ɗora wa babba guda, da sunansa, aikin kallon yara, in ya gaji ya miƙa wa wani da baki. "Ai kowa na gani" shi ne ke nufin ba mai gani. Kada kuma a bar su su yi wanka ko wasa cikin ruwan. Ruwan tafki da na kududdufi a ƙasarmu su ne mazaunin ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda kan huda fata ta shiga, bayan makonni a ga yaro na fitsarin jini.

Lokacin cin abinci, a zuba wa kowa ruwa daga buta ya wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, kada a tsoma hannuwa cikin kwano ɗaya. Cin tuwo a akushi ɗaya al'adarmu ce mai kyau, ga 'yan gida ɗaya ba laifi. In da baƙi, a raba, domin kawuna kan haɗu a kan kwano. Kofi ɗaya kada ya zagaya. Dambun nama, da gurasa, da ƙuli-ƙuli, da dafaffen ƙwai suna jure yini, kunun aya kuwa ba ya jure zafi, in ba ƙanƙara a sha shi da wuri. In ana son tsire, mutum ɗaya ya je ya sayo, kada gida duka ya tashi ya tsaya wa mai tsire a ka.

Zan ba ku labarin kuskuren da na yi da kaina. Cikin daminar 2021 na fita da iyalina da mahaifiyata. Na bi duk ƙa'idodin nan, har ina jin daɗin kaina. Wajen la'asar gabas ta yi baƙi, Inna ta ce, "Kai, mu tashi, hadarin nan ba na wasa ba ne." Na ce, "Inna, a ɗan ƙara jimawa, yara ba su gaji ba." Kafin mu naɗe tabarma ruwa ya sauko. Duk wanda ke filin ya ruga rumfa guda, mu ma muka bi. Muka tsaya kafaɗa na gugar kafaɗa fiye da rabin sa'a, wani na tari a bayan Inna, takunkumanmu kuwa suna cikin mota. Tazarar da muka yini muna kiyayewa ta tafi a banza. Allah ya tsare ba abin da ya same ta, amma na yi kwana goma ina kasa kunne ko zan ji ta yi tari. Damina a Abuja ta kan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, hadarinta kuwa yawanci da yamma ya kan taso. Da kun ga alama, ku tattara ku nufi mota. In an fara tsawa, a fito daga kwale-kwale, a bar bakin gaɓa, kada kuma a fake gindin dogon itace.

Na ce zan komo kan gidan kantuna. Mutane da yawa su kan yini a fili lafiya, sa'an nan su ƙarasa yinin a ciki don sanyin na'ura da kallon kaya. Ba laifi ba ne, amma a sani an koma ɗakin turaren wuta ke nan. In annoba na gari, ko kuna tare da mai rauni, a bar wannan sai wata rana, ko mutum ɗaya ya shiga ya sayo abin da ake bukata. Bayan gida ma ɗaki ne ƙarami mai yawan baƙi: a shiga ɗaya bayan ɗaya, a jira a waje, a wanke hannu da sabulu in an fito.

Ku tashi kafin magariba, tun ba a soma turereniya a bakin ƙofa da tashar mota ba. Ku kwashe shararku, domin ledar da aka bari a ciyawa cikin ruwa take kwana. In cikin mako biyu da komowa wani a gidan ya tashi da zazzaɓi, ko tari, ko sarƙewar numfashi, ko sanƙarewar wuya, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, a gaya wa likita inda aka je da ranar da aka je. A kuma aika wa iyalin da kuka yi hira da su, don su ma su sa ido a kan nasu tsofaffin.

Shugaba, a nan zan dakata. In da mai tambaya, bismilla.